Zaɓen Motar Gida ta Hannu: Nazarin Lamarin Wata Mata Mai Dala 30,000 a Amurka

A Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado, da wurin girki, da banɗaki, da tankunan ruwa a cikinta, wadda mutanen ƙasar ke kira RV a taƙaice. Yawancin masu sayenta suna fita da ita hutu ne na 'yan makonni a shekara, sauran watannin kuma tana ajiye a ƙofar gida. Amma akwai waɗanda ba su da wani muhalli sai ita, kuma wannan nazari ya shafi ɗaya daga cikinsu: wata mata mai shekara 63 a jihar Ohio, wadda ta yi aikin taimakon jinya har ƙarfinta ya fara raguwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma kowa yana wata jiha da nasa nauyin. Kuɗin fanshon gwamnati da take karɓa kusan dala 1,500 ne a wata, kuma an rage shi ne saboda ta fara karɓa tun tana shekara 62, kafin cikar shekarun da ake biya cikakke. Hayar ɗakinta ta kai dala 1,100, mai gida kuma ya aiko takardar ƙari. Abin da ta mallaka duka shi ne dala 30,000 a banki da wata ƙaramar mota tsohuwa.

Shawarar da ta yanke ita ce ta sayi motar gida ta hannu, ta zauna a cikinta rani da sanyi, tana bin yanayi daga arewa zuwa kudu. Ba za a tsaya a nan kan ko shawarar ta dace da kowa ba. Abin da ya cancanci a duba shi ne yadda ta yi zaɓen, domin mai tafiya hutu idan motarsa ta lalace zai bar ta a gareji ya koma gida, ita kuwa ranar da motar ta shiga gareji, gidanta ne ya shiga gareji, da gadonta da maganinta da tukunyarta. Wannan gaskiyar ce ta sarrafa duk matakin da ta ɗauka, ko da yake ba ta fara ganin abin da wannan ido ba sai bayan mota ta farko ta kusa raba ta da kuɗinta.

Kasuwar da ta shiga

Ta fito saye ne a lokacin da kasuwa ta fara sauka. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, kamfanoni sun fitar da motocin gida da tirelolin zama, waɗanda ake ja da wata mota, fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kai wa ba, mafi yawansu kuma daga yankin Elkhart na jihar Indiana. Zuwa 2023 adadin ya faɗi kusan rabi, masu sayarwa suka yi yawa, farashin na hannu ya yi sauƙi. Duk da haka, da dala 30,000 mutum ba ya maganar mota mai shekara biyar. Yana maganar mai shekara goma sha biyar zuwa ashirin ne, kuma bankuna da yawa ba sa ba da rance a kan irin wannan, don haka kuɗi hannu ake biya.

Motocin sun kasu gida uku. Ajin A su ne manya masu siffar bas, masu tsawon ƙafa 26 zuwa 45. Ajin B ƙananan motocin ɗaukar kaya ne da aka mayar da cikinsu ɗaki, irin na kamfanonin Roadtrek da Pleasure-Way na ƙasar Kanada, masu sauƙin tuƙi amma masu riƙe farashi ƙwarai ko sun tsufa. Ajin C kuwa kan mota ne na babbar motar kaya, galibi Ford ko Chevrolet, da aka ɗora wa ɗaki a baya, da wani gado da ya leƙo a saman kan direba. Tirela ta cire ta daga lissafi tun da wuri, kuma dalilinta mai ƙarfi ne ga mace mai tafiya ita kaɗai: idan wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare a wurin da ba kowa, tana son ta tashi daga gado ta zauna a kujerar direba ta tayar da mota ba tare da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. A tirela dole sai an fito waje.

Ta farko

Motar da ta fara shiga ranta ajin A ce, ƙirar farkon shekarun 2000, mai tsawon ƙafa 32, ana neman dala 14,000. Agogon tafiyarta bai wuce mil 28,000 ba. Cikinta kamar ba a taɓa zama ba, da kujerun fata, da babban gado, da wani sashe na falo da ake danna maɓalli ya turo waje ya ƙara faɗin ɗakin. Duk wanda ya saba da sayen ƙaramar mota zai ce an yi tsuntuwa, domin a wurin ƙaramar mota ƙarancin tafiya alheri ne. A motar gida kuwa sau da yawa akasin haka ne. Mil 28,000 cikin shekara ashirin yana nufin motar ta yi shekaru tana tsaye, kuma tsayuwa tana busar da robobin inji da na birki, tana sa fetur ya daskare a kafireton janareta, tana bai wa ɓeraye lokacin cin wayoyi, kuma mafi muni, tana nufin ba wanda yake hawa rufi ya duba.

Rufin shi ne zuciyar al'amarin. Jikin yawancin waɗannan motoci siraran katakai ne ko sandunan alminiyam, da soso mai tauri a tsakiya, da falanki marar kauri da aka manne da gam, sannan fatar fayiba a waje. Rufin kuma shimfiɗar roba ce a kan falanki, an huda ta a wurare da yawa don iyakwandishan, da tagogin shan iska, da bututun banɗaki, da eriya, kowane huji an liƙe shi da wani danƙo da rana ke busarwa har ya tsage. Masu ƙerawa da kansu suna cewa a riƙa duba liƙin aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Lamarin ya yi kama da soron ƙasa da aka bari ba yaɓe kafin damina: ruwan ba ya zubowa ɗaki a ranar farko, sai ya bi azara a hankali, kuma kafin mai gida ya ga tabo a bango aikin ya riga ya yi nisa. A mota ruwan yana bin katako ya gangara cikin bango, gam ya saki, fatar fayiba ta kumbura ta rabu da falanki, daɓen ƙasa ya yi taushi, fumfuna ta kama. Inji idan ya mutu an san kuɗinsa, ana cire shi a sa wani. Bangon da ya ruɓe kuwa babu bakaniken da zai faɗi kuɗin gyaransa kafin ya farke, kuma idan ya farke, yawanci abin da ya gani ya fi abin da aka zata.

Ta kusa biya, sai ƙanwarta ta matsa mata ta ɗauki mai binciken irin waɗannan motoci, daga cikin waɗanda ƙungiyar masu binciken motocin gida ta ƙasa, NRVIA, ke bai wa shaidar ƙwarewa. Mutumin ya yi wuni guda a kan motar. Ya hau rufi da gwiwoyinsa yana danna kowane wuri da tafin hannu, ya tarar da liƙin da ke kewaye da tagar banɗaki ya tsage har ana iya cusa farce. Ya bi bango da na'urar auna danshi, allurarta ta tashi a bayan akwatunan sama na ɗakin kwana da ƙarƙashin sashen da ke turowa waje. Ya tsaya a gefen motar da yamma, lokacin da hasken rana ke kwanciya a jikin bango, ya nuna mata wani kumburi mai faɗin faranti wanda ba a ganinsa idan an fuskanci motar kai tsaye. Sannan ya durƙusa ya karanta lambar da ke jikin taya. Tun shekarar 2000 kowace taya da ake sayarwa a Amurka tana ɗauke da lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ke farawa da haruffan DOT, biyu na farko makon da aka yi ta, biyu na ƙarshe shekarar. Tayoyin sun haura shekara goma sha biyu, ko da yake zanensu bai goge ba. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya bincike kowace shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da ta yi kyau a ido. Tayoyin ajin A manya ne irin na motocin kaya, guda shida, kuɗinsu kaɗai ya isa ya girgiza asusunta.

Ta biya mai binciken, ta bar motar. A ganina wannan shi ne kuɗin da ya fi yi mata amfani a duk cinikin, duk da cewa ba ta tashi da komai a hannu ba. Ko da bangon ya kasance a bushe, motar ba ta dace da ita ba. Ƙafa 32 ba ta shiga yawancin wuraren ajiye mota na kasuwa ko asibiti, don haka sai ta ja ƙaramar mota a baya, wato inji biyu, inshora biyu, da aikin ɗaurawa da kwancewa ita kaɗai. Garejin unguwa da yawa ba su da ƙofa ko jek da zai ɗauke ta, sai garejin manyan motoci inda kuɗin aiki ya fi tsada. Sashen da ke turowa waje kuwa, ranar da injinsa ya ƙi komawa, motar ba ta tafiya ko'ina.

Ta biyu

Ta biyu ƙirar 2007 ce a kan Sprinter na kamfanin Mercedes, mai injin dizal, tsawonta ƙafa 24, ana neman dala 27,000. Mota ce mai kyau, jikinta a bushe, tuƙinta da daɗi, kuma tana tafiyar kusan mil 16 da galan guda, alhali injin fetur na Ford ba ya wuce mil 8 zuwa 10. A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu da lissafin mai, don haka ya kamata a yi shi dalla-dalla. Idan aka ɗauka fetur dala 3.50 ne galan, dizal kuma dala 4, tafiyar mil 1,000 za ta ci kusan dala 390 a Ford, kusan dala 250 a Sprinter. Bambancin dala 140 ne. Mai zama a mota ba ya tuƙi kullum. Yana zuwa wuri ya zauna mako biyu ko wata biyar. Ita ta ƙiyasta mil 6,000 a shekara, wato ribar dala 840. Ƙarin kuɗin sayen kuwa, idan aka kwatanta da Ford ɗin da ta saya daga baya, ya haura dala 10,000, kuma kafin rarar mai ta mayar mata da shi sai ta yi fiye da shekara goma sha biyu tana tuƙi.

Amma ba wannan ne ya kashe maganar ba. Da ta biya 27,000, abin da zai rage da ƙyar zai biya kuɗin haraji da rajista da inshora, balle gyara. Kayan gyaran Mercedes suna da tsada, kuma a ƙananan garuruwan yammacin ƙasar, inda take shirin yin rabin shekara, ana iya tafiyar mil ɗari ko fiye kafin a sami garejin da ke da kwamfutar karanta injin. Akwai kuma matsalar nauyi, domin waɗannan motoci ba su da rarar ɗaukar kaya sosai, mai zama dindindin kuwa duk abin da ya mallaka yana ciki. Ga mai dala 45,000 zaɓi ne mai kyau, amma ita ya fi ƙarfinta, kuma ta gane haka ba tare da ta kira mai bincike ba. Ta kuma leƙa motocin haya da kamfanin Cruise America ke sayarwa bayan sun yi tafiya mai yawa, waɗanda ake yi musu sabis a kan lokaci, sai dai farashinsu ma ya wuce iyakar da ta gindaya wa kanta.

Domin a wannan lokacin ta riga ta gindaya iyaka: kuɗin saye kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari na abin da ke hannunta. Ta kuma rubuta sharuɗɗanta a takarda guda ta manna a firji. Tsawo kada ya wuce ƙafa 25. Babu sashe mai turowa waje. Injin fetur wanda bakaniken kowane ƙauye ya sani. Motar da ta zauna a ƙarƙashin rumfa, kuma ba a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ba, domin gishirin Ohio da Michigan yana cinye ƙarfen ƙasa da bututun birki. Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuyar samu, wato mai sayarwa da ke riƙe da rasiɗan gyara.

Ta uku

Ta same ta a jihar Tennessee, a hannun wani dattijo da matarsa waɗanda suka daina tafiya saboda idon mijin ya raunana. Ajin C ce ƙirar 2006 a kan Ford E-350, tsawonta ƙafa 24, wato mita bakwai da ɗan ɗori, ta yi tafiyar mil 78,000, ana neman dala 18,500. A ido ba ta da wani kyau. Fentin ya koɗe, zanen jikinta ya tsattsage, labulaye da kafet na wancan zamanin ne, kuma wurin wankan bai fi mutum ya juya da ƙyar ba. Araha ba ta ado, kuma ita ba ado ta zo nema ba. Dattijon ya fito mata da wata jaka cike da takardu: canjin baƙin mai, sabis na giya, ranar da aka sake liƙe rufi kowace bazara da rubutun hannunsa, har da littafin da yake rubuta awoyin janareta.

Wannan littafin yana da muhimmanci. Janaretan Onan mai ƙarfin wat 4,000 da ke cikin yawancin motocin nan ba ya son zama. Masu ƙera shi suna cewa a riƙa tayar da shi kusan awa biyu kowane wata yana ɗauke da kaya. Janareta mai shekara goma sha bakwai da ya yi awa 60 abin tsoro ne, wanda ya yi awa 700 kuwa alama ce ta ana amfani da shi. Na dattijon ya tashi da dannawa ɗaya, ya ɗauki iyakwandishan bai shaƙe ba.

Injin motar shi ne V10 mai lita 6.8 da Ford ya riƙa sa wa irin waɗannan motoci daga 1997 har zuwa 2019. Yana shan mai sosai, amma shi ne a cikin motocin ɗaukar marasa lafiya, da ƙananan bas na filayen jirgin sama, da motocin kwasar kaya na haya a duk faɗin ƙasar, don haka kayan gyaransa suna kowane shago, kuma bakanike ba ya buƙatar littafi kafin ya taɓa shi. Yana da halayensa da aka sani. A ƙirar farko-farko ramin fulogi ba shi da zare mai yawa, har fulogi kan yi tsalle ya fito, amma an gyara wannan a farkon shekarun 2000, kafin ƙirar motar da muke magana. Ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa a jikin inji kuma suna yawan karyewa saboda zafi da tsatsa, ana gane haka da wani ƙas-ƙas da ake ji idan inji yana da sanyi. Mai binciken ya nemi kada a tayar da motar kafin ya iso, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyinsa, sannan ya sa aka kunna. Ƙaran ya fito a ɓangaren dama.

A ajin C, wurin da ya fi yoyo shi ne gadon da ya leƙo saman direba, musamman idan an yi masa taga a gaba, domin shi ne ke karɓar iska da ruwa da girgizar hanya. Mai binciken ya ɗaga katifar, ya haska kusurwoyi da tocila, ya bi kowane ɗinki da na'urarsa, bai sami danshi ba. Ya cika tankin ruwa ya kunna famfo ya rufe duk bakunan, ya saurara ko famfon zai sake tashi da kansa, domin idan ya tashi akwai inda ruwa ke zuba a ɓoye. Ya buɗe bayan firji daga waje. Firjin irin wannan mota ba shi da kwamfireso, zafin iskar gas ko na lantarki ne ke juya sinadarin amoniya a cikin bututu, kuma idan bututun ya huje ana jin warin amoniya ko a ga hoda rawaya a ƙasa. An taɓa kiranye, wato kiran masu kaya su kawo a gyara musu, a kan wasu firjin kamfanonin Dometic da Norcold saboda haɗarin gobara, don haka ya duba lambar firjin, ya kuma sa lambar motar mai haruffa 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, NHTSA, ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba. Takardar mallaka ma an duba ta, babu bashin banki a kanta, babu tambarin haɗari ko na ambaliya.

Abin da ya samu bai fi ƙarfin gyara ba: ƙusoshin salansa, tayoyi masu shekara takwas, batiran ɗaki da suka gaji, ruwan birki da ya yi baƙi, da na'urorin gano hayaƙi mai guba da yoyon gas waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Da wannan rahoto ta zauna da dattijon a teburin cikin motar, ta nuna masa layi-layi, ta yi tayin dala 16,500, ya sallama.

Lissafin ya tsaya kamar haka. Bincike biyu, dala 1,200. Tayoyi shida, 1,300. Birki, da bel, da tiyo, da canjin duk ruwayen inji da giya, 1,400. Ƙusoshin salansa, 900. Sabunta liƙin rufi da na tagogi, 600. Batira da farantan sola biyu, 1,200. Haraji da rajista da inshorar shekara, 1,900, kuma inshorar ta musamman ce ta mai zama a mota dindindin, domin ta masu hutu tana iya ƙin biya idan aka gano motar ce gidan mutum. Jimilla dala 25,000 har da kuɗin saye. Ta sayar da ƙaramar motarta a kan 4,000, ta tashi da kuɗin ko-ta-kwana dala 9,000, adadin da zai iya sa sabuwar giya ya kuma biya otal na kwanakin gyara.

Kafin ta kama hanya ta loda duk kayanta, ta cika tankin mai na galan 55 da tankin ruwa, ta hau sikelin manyan motoci a wata tashar mai. Masu saye da yawa ba sa yin wannan, kuma kuskure ne babba. Kowace mota tana da iyakar nauyi da aka rubuta a jikin ƙofar direba, tata fam 11,500 ce, kimanin kilo 5,200. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka tanki mai galan 40 kaɗai ya kai kilo 150. Sikelin ya nuna fam 10,900, amma tayoyin baya sun kusa iyakarsu. Ta rage littattafai, ta bar keken ɗinki a wurin ƙanwarta, ta matso da akwatin kayan aiki gaba. Nauyi fiye da ƙima shi ne ke fasa taya a tsakiyar hanya, kuma tayar baya idan ta fashe tana iya yage bututun gas da tankin bahaya da ke kusa da ita.

Inda za ta zauna

Zaɓen mota ba ya rabuwa da zaɓen masauki. Wuraren zango na 'yan kasuwa masu lantarki da famfo suna da tsadar da za ta mayar da ita kan kuɗin haya, wasunsu kuma ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma sai sun ga hotonta. Abin dogaronta shi ne filayen gwamnatin tarayya. Hukumar kula da filaye, BLM, tana riƙe da kusan eka miliyan 245, galibi a yammacin ƙasar, kuma a mafi yawansu ana iya zama kyauta har kwana 14 kafin a matsa gaba. A kusa da garin Quartzsite na jihar Arizona akwai yankin zaman dogon lokaci da ake buɗewa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da wurin ɗiban ruwa da na zubar da ƙazanta da shara, kuma an yi shekaru da yawa ana biyan dala 180 a matsayin kuɗin lokacin gaba ɗaya. Babu lantarki a wurin, shi ya sa ta sa sola. Hanyoyin kuma na tsakuwa ne da kwazazzabai, inda gajeriyar mota ke wucewa, doguwa kuwa gindinta ya riƙa jan ƙasa. Daga Ohio zuwa can kusan mil 2,000 ne, man da zai ci ya kusa dala 800, kuma dole ta tashi kafin sanyi ya kankama, domin bututan ruwan waɗannan motoci suna fashewa idan ruwa ya daskare a ciki.

Sai maganar adireshi, wanda doka ke buƙata don lasin tuƙi da inshora da zaɓe. Masu zama a mota da yawa suna mayar da rajistarsu jihohin Texas, ko Florida, ko Dakota ta Kudu, saboda ba sa karɓar harajin kuɗin shiga, kuma akwai masu karɓar wasiƙu su tura wa mutum duk inda yake, irin ƙungiyar Escapees da aka kafa a 1978, mai hedikwata a garin Livingston na Texas. Ita ba ta bi wannan hanya ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Ohio ba ta ɗora haraji a kan fanshon gwamnatin tarayya, don haka ba abin da za ta tsira da shi. Abin da ya fi damunta shi ne inshorar lafiya, domin shirin inshorar lafiya na gwamnati ga tsofaffi, Medicare, ba ya farawa sai a shekara 65, wadda take da ita yanzu kuwa tana ɗaure da asibitocin jiharta, in ban da jinyar gaggawa. Ta bar adireshinta a gidan ƙanwarta, ta tsara ganin likita a watannin bazara da za ta riƙa dawowa arewa.

Akwai abubuwan da zaɓen bai warware ba. Rufin roba mai shekara goma sha bakwai yana kusa da ƙarshen rayuwarsa ko da an kula da shi, kuma sake shi gaba ɗaya zai ci dubban daloli daga cikin 9,000 ɗin nan. Duba liƙi yana buƙatar hawa tsani zuwa tsayin ƙafa 11, aikin da take iya yi yanzu amma ba lalle gwiwoyinta su yarda ba nan da shekara biyar, sai dai ta riƙa biyan wani. Rashin ƙaramar mota yana nufin duk lokacin da za ta je sayen abinci sai ta kwashe komai daga kan tebur, ta kulle akwatuna, ta tafi da gidan gaba ɗaya. Domin kada asusun ya ƙare, ta umarci banki ya riƙa cire dala 200 daga fanshonta kowane wata ya zuba a ciki, ta kuma sa ranar duba rufi sau biyu a shekara, ɗaya kafin ta bar Ohio, ɗaya kafin ta bar Arizona.